Hearst Castle ba fadar sarki ba ce

Masu ganin hotunan Hearst Castle, katafaren gidan nan na kan tudu a San Simeon, jihar Kalifoniya, sukan ɗauka tsohuwar fadar sarauta ce. Ko kusa. Gidan attajirin jaridu ne, William Randolph Hearst, kuma mace ce, Julia Morgan, ta zana shi. An soma ginin a 1919, aka dakatar a 1947 ba a gama ba.

Abin da ke ruɗin mutane kayan ciki ne. Silin da sassaƙe-sassaƙe da dama tsofaffi ne na gaske, kuɗi ne ya kwaso su daga Sifaniya da Italiya, amma jikin ginin kankare ne. Bayan rasuwarsa a 1951 aka miƙa wa jihar gidan, aka buɗe wa masu ziyara a 1958.