Baikonka ya jira, je ka fara shiryawa da ɗan'uwanka

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗa. Mutum biyu suna gaba shekara da shekaru, amma coci ɗaya suke zuwa, waƙa ɗaya suke rerawa, ranar Jibin Ubangiji kowa ya miƙa hannu ya karɓa. Da an tashi sujada wannan ya bi ƙofar gaba, wancan ya bi ta baya don kada su gaisa. In ka yi magana a ce maka, "Ni dai na bar shi da Allah."

Yesu bai koya mana haka ba. A Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. A Matiyu 18:15 kuma ya ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, ka same shi ku biyu kaɗai. Ka ga ke nan, ko kai ka yi laifi ko kai aka yi wa, kai ne mai tashi ka je. In ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe maganar ta kai gaban ikkilisiya. Mu kuwa mun juya abin. Zumuntar mata ta ji, 'yan kwaya sun ji, an yi habaici a WhatsApp, mai laifin ne na ƙarshe da zai san ana fushi da shi.

Wani zai ce zuciyarsa ba ta huce ba. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 a Kaduna. A 1995 ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda yake ɓangaren da suka yi faɗa da su, shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a faɗan. Fasto Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ko bayan sun fara aiki tare, ya yi shekaru zuciyarsa na raya masa ramuwa. Duk da haka bai daina zama da shi ba, har suka riƙa sasanta wasu, irin mutanen Yelwa da ke yankin Shendam bayan kashe-kashen 2004.

Amma inda na fi jin zafi shi ne yadda ake yi wa marasa ƙarfi sulhun dole. Mace mijinta ya rasu, ƙannensa sun ƙwace gona, ta kai kuka wurin dattawan ikkilisiya da yaro goye a bayanta. Sai a yi addu'a, a karanta mata ayar da ta ce a yafe bakwai sau saba'in, a ce, "Mama, ki yi haƙuri, ku sha hannu." Ta koma gida ba gona, su kuma ranar Lahadi suna kujerar gaba. Wannan ai danniya ce. Da Zakka ya tuba a Luka 19:8, cewa ya yi duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu, bayan haka Yesu ya ce ceto ya zo gidan.

Dattawa da fastocinmu, ina roƙonku, ranar da irin wannan ƙara ta zo gabanku, kafin ku ce wa gwauruwar ta yafe, ku kira ƙannen mijin ku tambaye su yaushe za su mayar mata da gonar, ku kuma sa rana.