Ni mai zane ne, na daina cewa "ina ɗan taɓawa"

Shekara kusan bakwai na yi ina zane, amma duk wanda ya tambaye ni abin da nake yi sai in ce, "Muna dai ɗan buga-buga." In ya hango fenti a farcena ya matsa, sai in sunkuyar da kai in ce ina ɗan taɓa zane. Tun muna yara ake ce mana yabon kai jahilci ne, to ni a tunanina cewa "ni mai zane ne" ma yabon kai ne. Tunda ban yi digiri a fannin ba, kuma ba a taɓa rataye aikina a wani baje koli ba, sai nake ganin sunan ya fi ƙarfina.

Abin da kunyar nan ta jawo mini ba kaɗan ba ne. Akwai wata Hajiya da ta sa ni zana mata ƙofar gari da 'yan dawaki, za ta kafa a falonta. Kwana tara na yi a kai, rawanin mahayi ɗaya ma sau uku ina gogewa. Da na kai mata ta ce, "Ɗana, nawa ne?" Sai na ji bakina ya ce, "Hajiya, ki ba da abin da ya sawwaƙa." Abin da ta miƙo ko kuɗin fenti da katako bai kai ba. Na daɗe ina jin haushinta, daga baya na gane ba ta da laifi. Wanda ya ce yana ɗan taɓawa ai na goro ake ba shi.

Je ka Ƙofar Mata a Kano ka tambayi wanda hannunsa ya yi shuɗi har gwiwa, zai ce maka shi marini ne, ko gezau ba zai yi ba. Maƙeri ma haka, majemi haka, dukawa haka. Ba wanda ya taɓa ce musu suna yabon kai, domin sunan sana'a suka faɗa. Hausa daga aikin take ciro sunan: ka yi gini, kai magini ne. Ƙwarewa zance ne daban, ita jama'a ke shaida, shi ya sa Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'ar Zariya aka kira shi Babban Gwani. "Gwani" ne ba ka ba wa kanka. Ni kuwa na haɗa biyun na cakuɗa, na zauna ina jiran in zama gwani kafin in amsa sunan aikin da nake yi kullum.

Wanda ke da naira ashirin a aljihu ya juya bayanta ya ga Ladi Kwali tana gina tukunya. A wurin gwaggonta ta koyi aikin. A 1954 ta shiga cibiyar tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Digirin nan ai a bakin yumɓu ya same ta.

Na san akwai masu ja baya saboda maganar zanen mai rai. Wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa. Amma masu zayyanar allo fa? Da masu zanen bango irin na gidajen birnin Zazzau, da masu aska takwas a gaban babbar riga, da 'yan matan da ke zanen lalle har biki ba ya yiwuwa sai da su? Da yawansu in ka tambaye su, "ba na komai" za su ce maka.

Makon jiya na je cike fom, a gurbin sana'a na rubuta "mai zane". Ma'aikacin ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, zanen me?" Na buɗe waya na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce matarsa ta buɗe shagon ɗinki, nawa zan zana musu allon shago? Na faɗi kuɗina ban yi tari ba. Ya ce ya yi tsada. Na ce ya je ya yi shawara.