Goron da ya bi ta teku, da hasumiyar Jamestown

Jama'a, idan aka ce fatauci, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ayarin jakuna, madugu a gaba, a shafe watanni a hanyar Gwanja a dawo da goro. Haka aka yi, babu musu. Sai dai mun saba yanke labarin a Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, alhali ya gangara har bakin teku, unguwar Jamestown ta birnin Akra a ƙasar Ghana, inda wata hasumiya mai ratsin ja da fari, mai fitilar yi wa jiragen ruwa jagora, take tsaye har yau.

Turawan Ingila ne suka gina ta farko a 1871, dab da James Fort, tsohon sansaninsu na zamanin cinikin bayi. Wadda ake gani yanzu a shekarun 1930 aka ɗaga ta a madadin waccan. Tsayinta mita 28, haskenta kuwa yakan kai kusan kilomita 30 cikin teku.

A wancan zamanin, Akra ba ta da tashar da babban jirgi zai matso ya jingina. Gaɓar ba zurfi, igiyar ruwa kuma ba ta wasa da kowa. Sai jirgi ya tsaya can nesa, matuƙa kwale-kwale su yi ta kai da kawo da buhunan koko da fasinja, wani lokaci ruwa ya kifar da su da kayan baki ɗaya. In dare ya yi, fitilar nan ce ke shaida wa matuƙin jirgi cewa ya iso Akra, ba wani gari ba, domin kowace hasumiya da irin yadda take ƙyafta haskenta.

To ina ruwan Bahaushe? Bayan Turawa sun ci masarautar Asante da yaƙi a 1874, ga kuma yaƙin basasar Salaga a 1892, kasuwar goro ta watse, fatake da dama suka yi kudu, zangon Akra ya ƙara cika. A nan aka gane cewa goro ba ya son dogon jira, kuma jirgin ruwa zai kai shi Legas cikin 'yan kwanaki. Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, aikin jaki ya soma ja da baya. Alhassan Ɗantata kansa ya zauna a Akra yana tura goro Legas ta ruwa, tun kafin sunansa ya fita a harkar gyaɗa. Huhunan goron nan ta gaban tsohuwar hasumiyar suka wuce.

Na san wani zai ce ai kayan 'yan mulkin mallaka ce, don kwashe zinariya da koko aka gina ta. Ban ƙi ba, ba don Allah suka kunna fitilar ba. Amma wa ya yi dakon? Wa ya tuƙa kwale-kwalen? 'Yan ƙabilar Ga masu unguwar, da 'yan ƙwadago, da fataken da suka yi kasadar ɗora jarinsu a kan ruwan da kakanninsu ba su taɓa gani ba. In muka bar wa Bature ginin, mun bar masa labarin waɗannan ma.

Buɗe tashar Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, shi ya ɗauke manyan jirage daga Jamestown. Yanzu masunta ne ke da gaɓar, an ma gina musu sabuwar tasha da tallafin ƙasar Sin. Baƙi kuwa su zo su ɗauki hoto a gindin hasumiyar su wuce.

Ni dai a ganina, makarantun unguwannin Nima da Sabon Zango na Akra su riƙa kai ɗalibai wurin, malami ya nuna musu inda ake lodin goro. Dattawan zango da suka ji labarin daga bakin iyayensu kuma, a zauna da su da waya a naɗi muryarsu tun suna nan.