Sauya shiri ba rashin alƙibla ba ne

Abin ya fara isata: shugaba na sauya shiri a tsakiyar aiki, sai a ce ba shi da alƙibla. Na fahimci masu faɗar haka, mun taso ana cewa dattijo magana ɗaya yake yi.

Sai dai tsarin gudanar da aiki da ake kira Agile, wanda masu rubuta manhajar kwamfuta su 17 suka tsara a jihar Utah ta Amurka a 2001, ya fifita gyara tafiya idan hali ya sauya a kan kafewa ga tsohon shiri. Manufa tana nan daram. Aikin ake yankawa gunduwa-gunduwa, yawanci na mako biyu, sannan a zauna a duba abin da ya ci tura.

Ko a ɗinki ma haka abin yake. Wani tela kusa da kasuwar Wunti a Bauchi ya taɓa karɓar ɗinkin sallah fiye da ƙarfinsa, ranar jajibere ya wuni yana ba da haƙuri, kwastomomi suka watse. Yanzu kowace safiya yakan tsayar da yaransa minti goma: "Wa ya maƙale? Me ya rage?" In aka ɗauke wuta, mai aikin wuya ya koma yanka. Yaron da ya ɓata riga kuwa, zama yake yi gefensa su farke ta tare.