Mazurarin Injiniya

Mu huɗu muka haɗa kuɗi za mu ƙera injin ɓarar gyaɗa, kun dai san mu. Ni da na ɗan leƙa jami'a na ce an daina zane a bayan kwalin sukari. Siffar inji guda za a yi cikin kwamfuta, mai walda da makaniki da mai sayo ƙarfe duk ita za su riƙa dubawa, in an taɓa awo a wuri ɗaya sauran sassan su bi. A fada har aka sha shayi na uku ban yi shiru ba. Na ba su labarin kumbon da Amurka ta aika duniyar Mars ya salwanta a 1999, don wasu sun yi lissafi da awon fam, wasu da niyuton. Har da cewa, "Ku ji sakarci, wai masana!"

Ashe 60 ɗin da na rubuta a bakin mazurarin zuba gyaɗa, a raina santimita ce, manhaja kuwa milimita take ƙirgawa.

Ran Asabar muka je gareji. Mai walda ya goge hannu, ya cusa shi a aljihu. Aljihu fa, jama'a! Ya zaro wani ɗan abu kamar kofin shayi, ya ɗora mini a tafi da ladabi.

"Injiniya, ga mazurarinka."

Na ce ina sauran? Ya ce, "Ai kai ka ce kada kowa ya ƙara ko ya rage, abin da kwamfuta ta faɗa shi ke nan." Ya sani sarai, mugu! Yaronsa ya jefa gyaɗa uku ciki, ya ce, "Maigida, ya cika, sauran su yi layi."

Amma wanda ya fi ƙona mini rai tsohon nan ne mai sayar da esans a kwalabe ta wajen kasuwar Dole. Ko dala ba shi da ita a aikin, wucewa yake. Ya karɓa, ya juya, ya hura, ya ce, "Ɗana, nawa za ka bar mini?" Yanzu da shi yake ɗura wa 'yan kabu-kabu mai, kowa ya tsaya sai ya ce masa, "Ƙirar kwamfuta ce." Dala arba'in ɗin da muka yi ciniki ma har yau bai ba ni ba.

Injin dai yana nan jingine. Mun ce sai bayan Sallah.