Sunan makaranta ba zai yi wa yaro karatu ba

Duk lokacin da zangon karatu ya gabato, iyaye da dama sukan kwana suna lissafi: a kai yaro makarantar kuɗi ko a bar shi a ta gwamnati? Yawanci sun riga sun yanke hukunci a zuci, domin sun ɗauka tsada ita ce inganci. Wani ya ci bashi, wani ya sayar da kadara. A ganina ya kamata a sake zama a kan wannan lissafi, musamman a gidan da kuɗin makaranta zai danne sauran buƙatu.

Tun shekarar 2000 ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ke shirya jarrabawar PISA, mai auna ƙwarewar karatu da lissafi da kimiyya, ga yara 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama. A yawancinsu ɗaliban makarantun kuɗi sun fi samun maki. Amma da aka yi la'akari da wadatar gidajen da yaran suka fito da kuma ilimin iyayensu, sai tazarar ta kusa shafewa a mafi yawan ƙasashen. Wato galibin abin da ake yaba wa makarantar a kai, daga gida yaran suka zo da shi: littattafai a ɗaki, uwa ko uba mai duba aikin gida, da kwanciyar hankali. Ban musanta cewa akwai makarantun kuɗi nagari ba, kuma inda malami ba ya shiga aji, uba na da hujjar neman wani wuri. Sai dai ya shiga ajin da kansa, ya ƙirga yara, ya tambayi shekara nawa malaman suka yi a nan, ya saurari yaro yana bayanin abin da ya karanta. Gini da kayan makaranta ba su nuna komai.

Abin da ya fi damuna shi ne matsin da ke biyo bayan kuɗin. Uban da ya biya da gumin goshinsa yana son ganin sakamako, sai yaro ya tashi daga aji ya wuce darasin ƙari, ya dawo ya zauna kan aikin gida har tsakar dare. Likitocin barci na Amurka sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma da barcin ne ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da aka koya da rana. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sai da hukuma ta hana cibiyoyin darasin ƙari aiki bayan ƙarfe 10 na dare. A 2021 Sin ta haramta darasin ƙari na neman riba a manyan darussan makaranta. Gasar ta kai inda uba ɗaya ba zai iya janye ɗansa ba sai gwamnati ta sa baki.

Haka batun jami'a. Masana tattalin arziki Stacy Dale da Alan Krueger sun bi diddigin ɗaliban Amurka da manyan jami'o'i suka karɓa amma suka zaɓi waɗanda ba su kai su suna ba. Bayan shekaru, albashinsu ya yi kusan daidai da na takwarorinsu da suka shiga manyan jami'o'in. Waɗanda babbar jami'a ta fi amfana su ne 'ya'yan talakawa, don haka su ya kamata a fi ƙarfafa wa gwiwar neman gurbi da tallafin karatu a can. Fannin karatu kuwa, a bar yaron ya yi magana. Wanda aka tura likitanci yana ƙin ganin jini zai yi shekaru yana wahala da abin da ba zai yi aiki da shi ba, a kuma yi asarar kuɗin da aka kashe.