Kun karɓi kuɗin miliyan shida, ku biya miliyan shida

Wallahi rainin hankalin kamfanin inshorar nan ya ishe ni. Ranar da zan biya kuɗi babu wanda ya ce Corolla ɗina ta tsufa. Su da kansu suka zagaye ta, suka ɗau hotuna, muka tsaya a kan naira miliyan 6, na zube musu 300,000, wato kashi 5 cikin ɗari na cikakkiyar inshora. Har ruwan sanyi aka kawo mini.

Da tirela ta murƙushe ta a hanyar Kano zuwa Zariya, Allah ya yi da sauran kwanana a gaba, sai magana ta canja. Na kai rahoton 'yan sanda, na kai lasisi da takardun mota, na kai kiyasin bakanike. Suka turo mai kimanta ɓarna, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ga shasi ya lanƙwashe, inji ya shigo har wajen giya, ya ce ba ta gyaruwa. To, madalla, a biya ni mana. Sai ga takarda: miliyan 4 da 200,000. Wai an cire na tsufa, an cire kason da mai mota ke ɗauka, sannan ragowar motar ma tasu ce, su sayar wa 'yan gwangwan.

Wane tsufa? A ƙasar da tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, wace 'yar Kwatano ce ta rage kuɗi? Na faɗa wa jami'in haka, ya ce, "Alhaji, ai ƙa'ida ce, ba a biyan abin da ya wuce kuɗin da aka rubuta." Na ce to biya ni wanda aka rubuta. Ya ce a'a, sai an duba darajarta a ranar haɗari. Kun ji fa! In kasuwa ta hau, takarda ce hujja. In ragi ake so, sai a tuna da kasuwa. Ko ta ina aka juya, aljihuna ne ke kuka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jan ƙafa. Yau manaja ya yi tafiya, gobe fayil yana Legas. Sun san ina biyan adaidaita sahu kullum don kai yara makaranta, jira suke in gaji in sa hannu a takardar sallama, wadda da zarar ka sa mata hannu bakinka ya mutu.

Ba zan sa ba. Na zaga wajen dillalai na karɓo farashin irinta a rubuce, na haɗa da rasiɗin kuɗin da na biya, na nemi su ba ni lissafin kowane ragi a takarda, da sakin layin yarjejeniyar da ya ba su dama. In ba su amsa ba, ƙarata na gaban NAICOM, hukumar da ta ba su lasisi.